Marin da Dodo Ya Bari a Belbeji

Belbeji, bayan yankan gero, 1965

Gwaggo Fatu,

Wai da gaske ne wuta ba ta cin jinin gidanmu?

Ki yi haƙuri, na fara da tambaya ban gaishe ki ba. Ina gajiya, ya mutanen Damagaram, ya gwiwar da na ji an ce tana damun ki? Ni ne Idi ɗan Attahir na Ollelewa, jikan wan babanki. Ba ki san ni ba, sai dai an ce kin zo ranar sunana. Baba yana lafiya, tari ne kawai. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, in kin ga rubutun ya karkace kada ki yi dariya.

Gonarmu ba ta yi ba bana, shi ne na taho Belbeji ina jan guga a rijiya ina shayar da shanun mutane. Ban san kowa ba a nan. Ran nan ina jan ruwa, wani mutum mai suna Ɗanmalam, mai wasan maciji a kasuwa, ya ji ina faɗa wa wani asalina. Sai ya kama hannuna kamar zai karya.

Ya ce, "Kai jikan wa ka ce?"

Na maimaita masa.

Ya ce, "Tafɗi! Jinin Dodo ne yake ja wa shanu ruwa? Ajiye gugan nan, sakarai, biyo ni."

A ɗakinsa ya kwance wani tsohon buhu. Abu uku ne a ciki. Akwai mari na ƙarfe irin wanda ake sa wa mutum a ƙafa, ƙawanya biyu da sarƙa. Akwai fatar sa guda, ta bushe ta yi baƙi, gefenta duk ƙuna. Sai ganga ƙarama. Ya ce kayan babanki ne, Dodo.

Gwaggo, ya ce wai ranar kasuwa ake kafa turke a fili, a sa wa Dodo marin nan, maƙerin gari ya buga ƙusa ya rufe a gaban kowa, a ɗaure sarƙar a turken. Sai a kewaye shi da karan gero a yi bukka, a cinna wuta. Wai kafin rufin ya faɗi sai a ga Dodo ya fito ta baya lulluɓe da fata, yana rawa, marin kuwa yana can cikin toka. Ɗanmalam ya ce da idonsa ya gani yana yaro. Ya ce tun da Dodo ya rasu ba wanda ya iya, don abin a jini yake, kuma ni ne jinin da Allah ya kawo masa har ɗaki.

Ni ban san komai ba. A gida ba a taɓa ba ni labarin nan ba, in an ambaci Dodo sai Baba ya canza magana. Ke ce 'yarsa. Ki gaya mini gaskiya, in jinin ne zan yi, don na gaji da guga, tafin hannuna duk ya tsage. Matta direban motar Damagaram shi zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa.

Ɗanki Idi

Damagaram

Ɗana Idi,

Na amsa gaisuwarka, na ji daɗi. Gwiwa tana nan, in sanyi ya shigo sai ta tashi. Ka gaishe mini da Attahir in ka samu mai zuwa, ka ce ya riƙa shan kanwa don tarin nan.

Ashe kayan nan suna nan. Na yi kuka da aka karanta mini. Lokacin da Baba ya rasu ina nan ɗakin miji, kafin in isa Belbeji an watse da komai. Ɗanmalam kuwa na san shi, ɗan majina ne da yake hawa katanga yana leƙen mu. Bai taɓa shiga gidanmu ba. Daga nesa ya ga wasan, kamar kowa.

Tunda ba a gaya maka ba, bari in gaya maka. Marin nan ba don wasa aka ƙera shi ba. Kafin Nasara su zo, mahara suka faɗa wa ƙauyenmu, suka kashe na kashewa, suka kora na korawa. Baba yana saurayi sabon tashi, yana cikin waɗanda aka kora bauta. Ya gudu sau ɗaya aka kamo shi, aka yi masa dukan da ya bar masa tabo a baya har ya mutu, sannan aka sa masa marin nan. Damina biyu ya yi da shi a ƙafa. Da Allah ya fitar da shi bai jefar ba, ya rungumo shi ya taho da shi. Ya ce sai duk kasuwar Damargu ta ga ƙarfen nan bai riƙe shi ba. Daga nan wasan ya samo asali. Tanut, Tenhya, Belbeji, har nan Damagaram ya yi. Ni ce mai jiƙa masa fatar tun ina 'yar ƙarama, kwana take yi a ruwa. Ɗan'uwansa, kakanka, bai so ba, ya ce tonon asirin gida ne a riƙa nuna wa duniya an taɓa ɗaure mu. Shi ya sa ba ka ji ba.

Yanzu ka saurara. A bakin gidan waya nake zaune, mai rubutu yana rubutawa, mutane tsaye a kanmu suna ji. Akwai abin da Baba ya rantsar da ni kada in faɗa a gaban mutane, ba zan faɗe shi a nan ba. Abin da zan ce kawai, wasan nan ba naka ba ne. Kada ka shiga bukkar nan ko da wasa. Marin kuwa ka karɓo shi, ka bar shi yadda ka gan shi, ka kawo mini da hannunka. Shi kaɗai ya rage mini na ubana. In ka zo, ni da kai a ɗaki, za ka ji sauran.

Gwaggonka Fatu

Belbeji

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni ina nan, sai dai dugadugaina, zan gaya miki.

Takardarki ta zo, na karanta ta har ta fara yagewa. Labarin Dodo ya hana ni cin abinci. Amma wurin da kika ce wasan ba nawa ba ne, nan ne ya tsaya mini. Na san mu na Ollelewa nesa muke da ku, kuma kakana shi ne ya ƙi abin. To amma ni me na yi? Jinin da ke jikina ba saye na yi ba. Na karanta wa Ɗanmalam wurin, ya yi dariya ya ce, "Ka ji ko? Cewa take kai ba cikakke ba ne. Mutanen birni ke nan." Ni ban ce haka kike nufi ba, amma ban ga wata ma'ana ba.

Kafin ma takardarki ta zo mun fara. Ɗanmalam ya ce asirin a dunduniya yake, wai Dodo zare ƙafa yake yi. Kullum da hantsi muna zuwa bayan gari. Ya dama karkashi ya shafa mini yauƙin a ƙafa, ya rufe marin da waya, ya ɗaure a gindin aduwa, ya ce in fita. In na tsaya sai ya zuba mini dorina. Ya ce wuta ba za ta jira ni ba, shi ma ba zai jira ba. Gwaggo, dorina tana shiga nama. Rana ta farko na yi fitsari a wando. Ina ja, ƙarfe yana kankare fata, yana dukana yana cewa, "Ja, ɗan banza! Dodo kuka yake yi?" Wata rana ya same ni a kunne, har yanzu ina jin ƙara a ciki. Da na ɗaga hannu na tare, ya bugi yatsana ya kumbura.

Amma na fita! Ranar Talata na tattara ƙarfina na fizga, sai na ji ƙawanyar ta ɗan buɗe ta baya, ƙafa ta zare, fatar dunduniya ta bi ƙarfen. Na sake yi da ɗayar. Jini ya cika ƙasa amma ina tsaye, ba mari. Ɗanmalam ya rungume ni, ya saya mini nama. Ya ce to shi ke nan, ba za mu sake gwadawa ba, kada mu ƙarar da maganin, in huta ƙafa ta warke sai ranar.

Ga wani abu da na yi don ke. Da nake wanke jinin a jikin marin, na ga abin da ya sa yake motsi. Kowace ƙawanya tana da ƙusa a baya inda take naɗewa, to waɗannan duk sun tsufa, sun tsage, suna rawa. Kin ce in bar shi yadda yake, na sani. Amma yaya zan kawo miki kayan babanki a lalace? Kuma yaya zan tsaya gaban jama'a a ce jikan gidan Dodo da ruɓaɓɓen mari ya zo? Ban gaya wa Ɗanmalam ba, na ɗauka na kai wa wani maƙeri Buzu, Aghali, mai ƙira a gefen kasuwar raƙuma.

Ya juya shi, ya kankara da wuƙa, ya sansana. Ya ce, "Yaro, wannan ƙusa ba ƙarfe ba ce. Ƙaho ne aka shafa wa baƙi."

Na ce to ka gani, wani matsiyaci ne ya rasa ƙarfe ya toshe da ƙaho. Cire ka sa na gaske.

Ya ce, "Wa za a sa wa? Mahaukaci kuke da shi a gida?"

Ɗanmalam ya hana ni faɗa kafin a yi shela, sai na ce na ajiya ne kawai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya hura wuta. Yanzu in kin ga marin sai kin yi murna, ko raƙumi ba zai motsa shi ba. Na mayar cikin buhu ba wanda ya sani.

An sa rana, ba kasuwa mai zuwa ba, ta bayanta. Makiyaya sun sauko, gari ya cika. Da na gama zan karɓo marin in kawo miki, ki ga ko nawa ne ko ba nawa ba.

Idi

Damagaram, da gaggawa

Idi, Idi, ɗan nan,

Ba gaisuwa yau. Priskila maƙwabciyata ce take rubuta mini a cikin ɗaki, mun rufe ƙofa. Rantsuwar da na yi wa Baba na karya ta, Allah ya yafe mini.

Ba jini ba ne. Ba magani ba ne. Ba dunduniya ba ce. Ƙahon nan shi ne wasan gaba ɗaya. Maƙerin da aka sa ya gyara marin Baba a wurin bauta shi ne ya ji tausayinsa, ya cire ƙusoshin baya ya sa na ƙaho, ya shafa musu baƙin tukunya da mai. Da haka ya tsira. Da haka kuma ya yi wasa duk rayuwarsa. Mutane suna zuba ido a ƙusar gaba da ake bugawa a gabansu, ba mai duban baya. In hayaƙi ya rufe sai ya buga ƙafa a turke, ƙaho ya karye, ya fita. Kowane wasa sabo yake ferewa, ni nake riƙe masa. Wuta tana cin mu kamar kowa, Baba duk gashin hannunsa babu.

Da na ce ba naka ba ne, nufina ba a koya maka ba. Kai ɗana ne, wa ya ce maka ba nawa ba ne? Abin da ka sa aka buga yanzu shi ne marin bauta na gaske, ba mai fita daga cikinsa.

Kada ka shiga. In Ɗanmalam ya matsa, ka je wurin jandarma, ko ka gudu Ollelewa da ƙafa. Marin ka jefa shi rijiya, ban so, ƙafarka ta fi mini shi. Na ba Matta goro na roƙe shi ya sa wannan a hannunka kafin kasuwa.

Fatu

Belbeji, ɗakin likita

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina da rai, wannan ki fara sani. Ya gwiwa? Ki gode wa Priskila. A kwance nake rubutu, allon gado ne teburina.

Motar Matta ta karye a Bakin Birji, ta yi kwanaki a can. Jiya ya kawo mini takardarki nan inda nake. Da ya ga ƙafafuna sai ya ajiye ta a kan ƙirjina ya fita waje, na ji yana amai.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Ranar kasuwa da la'asar fili ya cika, har kan raƙuma mutane suke tsaye. Ɗanmalam yana buga gangar Dodo yana kirari, wai ga jikan wanda wuta ke tsoro. Fatar ma bai jiƙa ta kwana ba, ruwa kawai ya yayyafa. Na zauna a gindin turke, aka sa mini marin, aka ce maƙeri ya fito ya rufe. Aghali aka turo. Da ya durƙusa ya ga marin, ya ga fuskata, sai ya saki guduma.

Ya ce, "Kai ne? Wannan ne ajiyar?"

Na ce buga kawai, Baba.

Ya miƙe ya ce wa jama'a shi ba zai buga ba, wannan yaro in ya shiga ba zai fito ba, shi ya san abin da ya ƙera. Sai aka yi masa ihu. Ɗanmalam ya ce, "Kun ji ko? Maƙerin ma ya shaida ƙarfen na gaske ne!" Mutane suka ƙara murna. Aghali ya kama sarƙar zai ja ni, wasu samari suka riƙe shi, ɗaya ya buga masa gwiwar hannu a baki, suka jefa shi waje. Wani maƙeri daga Tenhya ya karɓi gudumar ya rufe. Ni kuwa, Gwaggo, daɗi nake ji. Na ce yau za a kai miki labari.

Aka lulluɓa mini fatar, aka jera kara, duhu ya rufe ni. Na shafa karkashin da na ɓoye a gora. Na ji an cinna ta gefe uku.

Na ja. Ba abin da ya motsa. Na sake ja yadda na yi ranar Talata, na jira in ji bayan ya buɗe, shiru. Tsohon ciwon ya fashe, ina jin ƙarfe yana gugar ƙashi. Hayaƙi ya shiga mini hanci, kara yana faɗowa da wuta a kan fatar, fatar ta fara nannaɗewa tana wari. Sai sarƙar ta yi zafi, zafin ya biyo ta ya iso ƙawanya. Wannan ba zan iya rubuta shi ba. Na yi ihu na kira Baba, na kira ki ke da ban sani ba. A waje ganga ake bugawa, suna tsammani cikin wasan ne.

Na kama turken da hannu biyu ina girgizawa, farcena ya cire. Sai na ga bangon wuta ya tsage, mutum ya faɗo ciki da gatari. Aghali ne, bakinsa duk jini, rawaninsa yana ci da wuta. Ya sari turken, ya sake sara, ya sa ƙafa ya karya, ya kama ni ta wuya ya ja ni a ƙasa kamar buhu. Muna fita rufin ya zube.

Da jama'a suka gan ni da mari a ƙafa, nama yana hayaƙi, ganga ta tsaya. Wata mata ta fasa kuka. Daga nan ban san wanda ya fara ba. Waɗanda suka doki Aghali ɗazu su ne suka fara kai wa Ɗanmalam sanda. Ina kwance ina gani ta tsakanin ƙafafun mutane. Ya rufe kai da gangar, suka fasa ta a kansa. Wani ya taka masa hannu, na ji ƙarar ƙashin. Yana cewa, "Jininsa ne bai cika ba! Ba laifina ba ne!" suna ƙara masa. Kwandon macijinsa ya kife, mutane suka watse suna tattake juna, raƙumi ya ture wata tsohuwa mai fura. Sai da jandarma suka harba bindiga sama sannan aka bar shi. Yanzu yana ɗakin da ke kusa da nawa, haƙoransa na gaba babu, an ce in ya tashi Tanut za a kai shi. Jandarma sun tambaye ni, na ce dukana ya yi da dorina, gaskiya ne, amma ƙusa ni na sa aka canza, shi bai sani ba.

Gwaggo, da na karanta takardarki na yi ta kallon rufi. Ashe ranar Talatar nan ba jinina ba ne ya buɗe shi, ƙahon Dodo ne ya tsage ya ba ni hanya. Shi ya bar mini ƙofa, ni na kai aka toshe. Amma wurin da kika ce ni ɗanki ne, na sa Dawuda mai ba da magani ya sake karanta mini da bakinsa, don in ji a kunne.

Fatar ta ƙone, ganga ta fashe. Marin kaɗai ya rage, kuma yana ƙafata har yanzu, don nama ya kumbura ya rufe kan ƙusoshin. Dawuda ya ce dole a cire yau, in ba haka ba ƙafar hagu za ta ruɓe a yanke. Aghali ya zo da safe, kansa naɗe da tsumma, rabin gemunsa babu. Ya duba ya ce hanya biyu ce. Ko ya sa magagari, abin gogar ƙarfe, ya yanka ƙawanyoyin ta gefe a hankali, ba zan ji zafi sosai ba, amma marin ya tashi daga aiki, sai gutsattsari. Ko kuma a danne naman a tono ƙusoshin da ya buga, ya fitar da su da guduma, marin ya fita lafiyarsa.

Na tambayi Dawuda ko ta biyun za ta sa a yanke ƙafar. Ya ce a'a, amma zan gwammace a yanke. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Tsohuwar da kanta ta ce a jefa rijiya."

Na sani kin ce. Amma kin fara cewa shi kaɗai ya rage miki, kuma Dodo damina biyu ya ɗauke shi bai jefar ba. Ni ba zan sake shiga bukka ba har abada, wannan na rantse miki. Sai dai ba zan kawo miki gutsattsari ba. Na ce wa Aghali ya bi ta ƙusa. Ya zage ni da yarensu, sannan ya ce in an gama zai fere na ƙaho ya mayar yadda ya same su, ba zai karɓi komai ba, kuma bakinsa a rufe.

In na fara takawa Matta zai ɗauko ni. Ki ajiye mini tabarma, ban san Damagaram ba, ki sa wani ya tsaya mini a tasha.

Ga su nan sun shigo, Aghali da guduma, da mutum biyu da za su danne ni. Dawuda ya miƙo mini tsumma ya ce in cusa a baki. Sai na ajiye alƙalami, Gwaggo, dole in tafi.

Ɗanki Idi